Jirgin Wushishi a Ɗakin Baƙina

Tun da na kammala littafina na ƙarshe mutane suke tambayata ina na shige, wasu suna cewa ko na ajiye alƙalami ne, wata baiwar Allah kuwa cewa ta yi wai ko amarya na yi ta hana ni sakat. To ba ko ɗaya. Gaskiyar magana ita ce jirgin ƙasa nake ginawa a ɗakin baƙina, yau kusan shekara biyu ke nan, kuma da na ga abin ya fara zama abin tsegumi a unguwa sai na ce gara in ba da labarin da bakina. Jirgin da nake kwaikwayo yana da tarihin da ya shafe mu duka, ko da yake da yawanmu ba mu taɓa jin sunansa ba.

Asalin abin daga kakana ne, mahaifin mahaifiyata, mutumin Soba ta ƙasar Zazzau. Yana saurayi ya yi aikin reluwe a kan wani ɗan siririn layin dogo da ya tashi daga Zariya ya hau Jos, shi ne mai zuba wa injin wuta. Idan mun je hutu, da dare ya yi sai ya tara mu a zaure yana kwatanta mana wannan jirgi, wai saboda tsabar rashin saurinsa in ya zo hawa, mutum zai iya sauka ya sayi rogo ya biyo shi da ƙafa ya sake hawa. Mu dai dariya muke yi, mun ɗauka tatsuniya ce, domin jirgin da muka sani mai zuwa Legas daga Kano ƙato ne, ƙararsa kaɗai ta isa ta firgita yaro. A lokacin ni gwanin ƙera motar kara ne da ta langa-langa, sai na riƙa yi masa jirgi da gwangwanin madara ina sa masa ƙafafun murfin kwalba. In na kai masa sai ya juya shi ya ce, "Kai, ɗan nan, ba haka yake ba. Tankin ruwan a gefe yake, dama da hagu, ba a baya ba." Ya rasu ina ajin farko na sakandare, maganar jirgi kuma ta bi shi.

Shekaru da yawa bayan haka ɗaurin auren wani abokina ya kai ni Minna. Muna jiran mota sai na ratsa ta tashar jirgin ƙasa, kawai na yi ido huɗu da wani ɗan ƙaramin kan jirgi an ajiye shi don tarihi. Abin da ya tsayar da ni cak shi ne tankin ruwansa, ga shi nan a gefe, dama da hagu, kamar yadda tsoho ya faɗa. A nan na fara jin sunan jirgin Wushishi, kuma a nan na ji cewa shi ne jirgin ƙasa na farko da ya taɓa tafiya a Arewacin Najeriya, shekara goma kafin jirgi ya shigo Kano. Gani ya kori ji. Na dawo gida da hotuna cike da waya, na shiga bin littattafan tarihi, ga kuma abin da na tarar.

Ranar 1 ga Janairu 1900 Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja ya ce daga ranar Arewa tana ƙarƙashinsu, alhali a lokacin ko rabin ƙasar ba su taka ba. Ya fara zama a Jebba, amma hankalinsa yana kan neman mazaunin da ya fi kusa da manyan masarautu. Sojojinsa suka yi sansani a Wushishi, bakin kogin Kaduna. A farkon 1901 suka ci Kwantagora da Bida, hanya ta buɗe, sai aka zaɓi wani wuri da ake kira Dunguru, wanda bakin Bature ya mayar Zungeru, aka ce nan ne hedikwata. A 1902 gwamnati ta tare a can.

Matsalar ita ce kaya. A wancan zamani babu mota, babu titi, duk abin da Bature yake buƙata, tun daga kwanon rufi da siminti har harsashi da abincin gwangwani, ta ruwa yake zuwa. Jirgin ruwa mai hayaƙi zai hauro kogin Kwara daga bakin teku ya wuce Lakwaja, ya zo Mureji inda kogin Kaduna ya shiga Kwara, sannan ya karya ya bi Kaduna. To amma kogin ba ya biyuwa har Zungeru saboda duwatsu. Don haka aka shimfiɗa ɗan layin dogo na mil 12 daga Wushishi zuwa Zungeru, aka buɗe shi a watan Disamba 1901. Ba a jima ba sai aka ga in rani ya yi ruwa ya janye, Wushishin ma ba ta isuwa, dole a 1902 aka ƙara mil 10 zuwa Barijuko, inda ruwa ya fi zurfi. Duka-duka mil 22 ke nan. Faɗin layin, wato tazarar da ke tsakanin ƙarfen dama da na hagu, ƙafa biyu da inci shida ne kacal, alhali layin Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 1901 ƙafa uku da inci shida ne. Saboda ƙanƙantarsa Turawa ba su ma kira shi reluwe ba, taramwe suka ce masa, sunan da suke ba wa ƙananan jiragen da ke bin titi a cikin biranensu. Legas ma ta sami irinsa mai faɗi ɗaya a 1902, wanda ya yi ta jigilar mutane kafin daga baya ya koma kwasar bayan gida har 1933. Kawunan jirgin Wushishi kamfanin Hunslet na birnin Lids a Ingila ne ya ƙera su, ƙafafu shida masu ja, biyu ƙanana a baya, da tankin nan na gefe.

Yadda aka yi tarihi ya koma aikin hannu kuwa, laifin yarona ne. Shi ya nuna min a intanet yadda wasu dattawan Turai da Amurka suke gina gari sukutum a kan tebur, da layin dogo da gada da tasha da bishiyoyi, jirgi yana zagayawa da wutar lantarki. Ba wasan yara suke ɗaukarsa ba, suna da ƙungiyoyi da mujallu, kuma dokar abin guda ɗaya ce: komai da ma'auninsa. In ka ce ka rage jirgi sau 87, to mutum da akuya da tulu duk sai ka rage su sau 87, in ba haka ba ido zai gane ƙarya nan take. Na ce a raina, ashe abin da nake yi da kara ina yaro wasu da furfurarsu suke yi. Me zai hana in gina jirgin tsoho?

Na zauna na yi lissafi, ni da rabona da lissafi tun jarrabawar fita sakandare. Ma'auni biyu ne suka dace da layi mai ƙafa biyu da rabi. Akwai na kashi ɗaya cikin 87, inda dogon zai zama milimita 9, amma da na gwada sai na ga mutum bai kai gaɓar yatsa ba, idona kuma ya fara neman tabarau. Sai na koma na kashi ɗaya cikin 48, inda kwatan inci yake tsayawa a madadin ƙafa guda, dogon mutum mai ƙafa shida ya zama inci ɗaya da rabi. Daɗin wannan ma'auni shi ne ana amfani da dogo mai faɗin milimita 16.5, irin wanda ake samu a jiragen wasa na gwanjo. In za a bi ƙa'ida sosai milimita 15.9 ya kamata ya zama, amma bambancin rabin milimita da ɗoriya ko masu abin sun yafe wa kansu, balle ni. Na sha yawo a Sabon Gari kafin in haɗa dogon da zai ishe ni, yawanci a cikin buhunan kayan wasan yara na tsince su, wasu a lanƙwashe, wasu sun yi tsatsa. Injin kuwa na wani tsohon jirgin wasa na cire, wani mai gyaran rediyo a bakin layinmu ya taya ni liƙa wayoyi da dalma, gangar jikin kuma na yanka ta daga gwangwanin man gyaɗa ina duba hotunan Minna. Sau huɗu ina yin tankin gefen nan kafin ya zauna daidai.

A nan ne na fara gane wani abu da ban zata ba. Fallen filawud guda ƙafa takwas ne a tsawo, a wannan ma'auni ƙafa 384 ke nan na ƙasa ta gaskiya. In na ce zan gina mil 22 ɗin nan duka, sai na jera falle fiye da 300, wato sai na roƙi mai unguwa ya ba ni aron titi. Uwargida da ma tun da ta ga an fitar da kujerun ɗakin baƙi take kallona a kaikaice, ta ce, "Maigida, in dai jirgin nan ba zai kai ni Zariya ba, kada ya wuce falle biyu." To dole in zaɓi wuri ɗaya, in kuma zaɓi lokaci ɗaya, domin tebur ba ya ɗaukar damina da rani a tare. Na zaɓi bakin ruwan Barijuko, inda kaya suke sauka daga jirgin ruwa su hau na ƙasa. Lokaci kuma na zaɓi rani, watan Janairu 1903, ba don komai ba sai don busasshiyar ciyawa ta fi sauƙin yi: zaren buhu na warware na rina da ruwan shayi. Kogin na yi shi da fenti da gam mai sheƙi, yashin bakinsa na gaske ne na tankaɗe da rariya, tudun kuma soso ne na lulluɓe da takarda da dusar katako. Na tara tsinken tsintsiya na ɗaure ƙanana-ƙanana a bakin ruwa, domin jiragen ruwan lokacin itace suke ci, kwal ɗin Inugu ba a fara haƙarsa ba sai 1915.

Ina cikin wannan ne wani maƙwabcina ya shigo, dattijo ne da ya koyar da tarihi a sakandare har ya yi ritaya. Ya daɗe a tsaye yana kallon teburin hannunsa a baya, sannan ya ce, "Aiki ya yi kyau. Wace shekara ce wannan?" Na faɗa masa da fara'ata. Sai ya gyara tabarau ya ce, "Janairun 1903? Kai Bakano, ka san abin da ke cikin akwatunan nan da ka jera kuwa?"

Wallahi sai jikina ya yi sanyi, domin na san tarihin, kawai ban taɓa haɗa shi da teburina ba. A ƙarshen wannan wata ne Kanar Molan ya tashi daga Zariya da rundunarsa, suka fasa Bebeji, ranar 3 ga Fabrairu 1903 suka shiga Kano, Sarki Alu yana hanyar dawowa daga Sakkwato. Ranar 15 ga Maris Sakkwato ta faɗi. A watan Yuli aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi tare da ɗimbin jama'arsa. Umarnin duk wannan daga Zungeru ya fito, kuma kayan da suka riƙe Zungeru ta kan wannan ɗan siririn dogo suka bi. Malam ya ce, "Ni ban ce ka rushe ba. Amma in yaro ya shigo ya ga jirgi mai kyau da Bature da farar hula yana nuna hanya, me ka koya masa? Ka gina wa Lugga abin tunawa a ɗakinka da kuɗin littafinka."

Na yi sati biyu ban taɓa teburin ba. Na rufe shi da tsohon zanen gado, in na wuce sai in kawar da kai. Raina ya ɓaci, kuma abin da ya fi ɓata min rai shi ne gaskiya ya faɗa. A lokacin mutum uku ne kawai a kan teburin, dukkansu 'yan roba da suka zo cikin kayan gwanjo, dukkansu Turawa. Ban yi haka da niyya ba, su ne kawai ake sayarwa. Masu ƙera irin waɗannan mutum-mutumi suna yin direba da mai duba tikiti da mace mai lema, amma ba wanda ya taɓa tunanin ƙera Banufe mai tuƙa kwalekwale ko Bagware da kaya a kafaɗa.

To wa ya gina layin? Ba katafila a 1901. Duk tudun da aka sare da diga da shebur aka sare shi, duk ramin da aka cike da kwando aka ɗebo ƙasarsa, duk ƙarfen da aka sauke daga jirgin ruwa wuyan wani ne ya ɗauka. Littattafan sun riƙe sunan Lugga, sun riƙe sunan injiniyansa Igilsom, sun riƙe har sunan kamfanin da ya ƙera injin da garin da yake, amma masu kwandon sai dai a ce "leburori". Kuma wannan somin taɓi ne. Da Gwamna Jirwad ya gaji Lugga a 1907, shi da ma injiniyan jirgin ƙasa ne, sai aka fara babban layi daga Baro zuwa Kano, sama da mil 350, ya iso Kano a 1911. Mutanen da suka yi wannan aiki akasarinsu ba don ra'ayinsu suka zo ba. Razdan zai faɗa wa sarki adadin da yake so, sarki ya raba wa hakimai, hakimai su raba wa dagatai, a ɗebo talakawa daga gonakinsu su yi makonni a bakin diga, in sun koma a ɗebo wasu. Ana biyansu da kuɗin Bature, sannan a dawo a karɓi haraji da wannan kuɗin, ta haka sule da sisi suka kori wuri daga kasuwa. Nufawa da Gwarawa su suka fi shan wannan wahala, saboda ta ƙasarsu layin ya fara ratsawa.

Bari in ɗan yi ratse a nan, domin abin ya taɓa sana'ata. Mu marubutan soyayya haka muke yi. Alhaji muna ba shi suna da laƙabi da launin motarsa, 'yarsa muna kwatanta ta tun daga gashin ido har yatsun ƙafa, amma mai gadin da ya buɗe ƙofa da 'yar aikin da ta kawo lemo ba su da suna, sai dai "mai gadi ya wangale get". Na duba littattafaina na ga ni ma ban tsira ba. Ashe abin da na zargi Turawa da shi na shekara ashirin ina yi.

Da na yaye zanen gadon sai na fara ƙera mutane da kaina. Waya nake lanƙwasawa ta zama ƙashi, in shafa mata yumɓu da gam, in ta bushe in yi mata fenti, tufafin kuma ƙyallen tsohuwar atamfa ne da farin alawayyo. Kowane ɗaya yana cin min dare biyu. Na farko sun fito kamar aljanu, yara suka yi ta dariya, amma hannu ya saba. Yanzu akwai mutum 41 a kan teburin: masu sauke akwatuna, masu tuƙa kwalekwale da gora, mai sayar da fura a gindin bishiya, heluma yana daka tsawa, sojoji baƙaƙe biyu da jar dara, domin kada mu manta rundunar da ta ci Kano Turawan cikinta 'yan kaɗan ne, sauran 'yan ƙasa ne, da Hausawa da yawa a ciki. Wannan ma ba daɗin ji gare shi ba, amma na sa su. Turawan nan uku na bar su inda suke, sai dai yanzu sai ka duba da kyau kafin ka gan su a cikin taron.

Shi kuwa jirgin na gaskiya bai yi tsawon rai ba. Da babban layi ya zo, wanda ya taho daga Legas ta Jebba ya ratsa Zungeru ya haɗu da na Baro a Minna, sai ɗan taramwe ya zama ba shi da aiki, shekararsa goma ke nan ko ƙasa da haka. Aka tumɓuke dogon, aka kwashe shi da kawunan jirgin aka kai Zariya, domin a lokacin kamfanonin kuza sun cika tsaunukan Jos suna kukan hanya. Da su aka fara layin da Turawa suka sa wa sunan Bauci, ko da yake bai taɓa zuwa garin Bauci ba, sunan lardin da Jos take ciki a lokacin ne. Ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Kudaru ya kai Rahama a 1912, ya hau ta Jengre ya kai Jos da Bukuru a 1914, mil 143. Wannan shi ne jirgin kakana. Sai a lokacin na tuna wata hira da ya taɓa yi da manya muna gefe, ba irin ta rogo ba, yana ba su labarin mutanen da aka riƙa ɗebowa daga ƙauyuka lokacin yaƙin Hitila ana kai su haƙar kuza, yadda suke hawa da 'yar riga ɗaya ba su san sanyin Jos ba. Na duba na ga haka ne, daga 1942 zuwa 1944 aka yi wannan ɗiba, bayan Japan ta ƙwace Malaya inda Ingila take samun kuza, kuma mutane da yawa ba su dawo ba. An rufe layin a 1957. Zungeru ita ma tun 1917 gwamnati ta tashi ta koma Kaduna ta bar ta da kufai, har 'yar gadar ƙarfen Lugga aka ciro a 1954 aka kai Kaduna. Yau in an ambaci garin, sai dai a ce can aka haifi Azikiwe a 1904 da Ojukwu a 1933, ko a yi maganar madatsar ruwan lantarki.

Ranar da na fara kunna jirgin na kira Malam, yara suka cika ɗaki har da na maƙwabta, uwargida tana bakin ƙofa wai ita wucewa take yi. Ya tashi lafiya, ya ja taragu biyu, ya zo kwanar gindin tudu sai ya sauka daga kan dogo ya kwanta a gefe ya danne mai fura. Na gyara, ya sake faɗuwa a wurin. A karo na uku yana tsakiyar tafiya aka ɗauke wuta. Malam ya yi dariya har da tari, ya ce ko na gaskiyan ma ba ya jin ya fi haka sauri.

Da fitilar waya ya sunkuya yana bin mutanen ɗaya bayan ɗaya, yana tambaya ina gaya masa ko wane ne, domin kowanne na ba shi gari da sana'a da dalilin zuwansa, na rubuta a wani littafi da nake ajiyewa a ƙarƙashin teburin. Da ya zo kan injin sai ya tsaya. Akwai wani ɗan siriri a tsaye a bakin wuta, da shebur a hannu da hula ta karkace. Ya ce, "Wannan fa?" Na ce kakana ne. Ya ɗan yi lissafi da yatsu ya ce, "Ai a 1903 ko haihuwarsa ba a yi ba." Na ce na sani, Malam. Ya dube ni, ya dubi ɗan mutumin, ya ce to a bar shi, amma in rubuta a littafin cewa aro aka yi.

Na rubuta. Abin da ya rage yanzu shi ne jirgin ruwan, na yanka gindinsa daga katakon akwatin tumatir amma bututun hayaƙin ya ƙi tsayawa, kwanar gindin tudun kuma har yau sai na rage gudu yake wuce ta.